Wanda Ya Tsaya A Zango Bai Ga Gari Ba

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Bishiyarsa kurmi take so da ruwan sama mai yawa, abin da ba a samu daga Zariya har Damagaram. Duk da haka ba a zuwa neman aure babu shi, ba a raɗa wa jariri suna sai an raba shi, kuma dattijon da aka kai wa ziyara ba a miƙa masa ko ƙwaya biyu ba zai ji kamar an rage masa wani abu. Abin da ya shiga jinin al'adar Hausawa haka a garin wasu aka gano shi, a bayan jakuna aka ɗauko shi, tafiyar wata da watanni.

Fataken da suka yi wannan aiki Gwanja suke nufa, a arewacin Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga ta zama mahaɗar 'yan arewa da Asantawa masu goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato bayan ruwa ya ɗauke, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki. Su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanin Mango da Yandi, ɗauke da kanwa da turkuɗi da kayan fata da gabu. A kowace ƙasa akwai sarkin da za a biya kuɗin wucewa, akwai harshen da ba a ji, akwai abincin da ciki bai saba da shi ba, akwai kuma abin da a gida ba komai ba ne amma a can babban laifi ne. Madugun da bai san waɗannan ba zai salwantar da dukiya, ya salwantar da rayuka. Sanin halin mutane shi ne babban jarinsa.

Don rage wannan wahala Hausawa suka gina tsarin da har yau ake cin moriyarsa. Duk inda ayari ya saba sauka, sai wasu su zauna, a kafa masallaci, a sami maigida mai saukar baƙi, wanda zai adana kayan baƙo, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso. A hankali wurin ya zama unguwa mai sarkinta da limaminta da mahautanta da wanzamanta. Haka aka sami zangon Kumasi, da Sabon Zango a Accra, da Sabo a Badun wadda aka keɓe a 1916, da Agege a Legas, da Ama Hausa a Owerri. Ta gabas ma haka ne. Maniyyata da suka bi ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur kan shekara da shekaru kafin su kai gaɓar Bahar Maliya, suna tsayawa suna noma da ƙodago don neman guzuri, wasunsu kuma can suka zauna har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa a kusa da Sennar.

Wannan gado ne mai girma. Matashin da ya sauka a tashar mota a Legas ko Kumasi ko Duwala da tsakar dare bai san kowa ba, in ya tambayi inda Hausawa suke, da wuya ya kwana a titi. Al'ummomi kaɗan ne a Afirka ta Yamma suke da irin wannan gata.

Amma alherin yana da wani ɓangare da ba a cika faɗa wa matasa ba. Zango yana iya tare wa mutum garin da ya je. Akwai ɗan ci-rani da zai shekara ashirin yana zuwa Legas bai taɓa zama a tsakar gidan Bayarabe ba, bai iya mayar da gaisuwa da Yarabanci ba, bai san yadda maƙwabtansa ke aurar da 'ya ko tara kuɗin makaranta ba. Tuwonsa na gida, majalisarsa ta 'yan gida, wayarsa cike da labarin gida. Zai dawo da kuɗi a aljihu, amma abin da ya sani game da mutanen da ya zauna a cikinsu bai wuce abin da ya tafi da shi ba, kuma mafi yawansa jita-jita ce. Ƙafarsa ta yi tafiya, idonsa da kunnensa suna ƙauyensu. Wannan ita ce asarar da ya kamata matashi ya guje wa, ɗalibi ne shi, ɗan kasuwa ne, mai bautar ƙasa ne ko maniyyaci.

Tarihin Alhassan Ɗantata ya nuna abin da buɗe ido ke haifarwa. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa waɗanda fatauci sana'arsu ce tun kaka da kakanni. Yana matashi ya bi hanyar Gwanja kamar sauran sa'o'insa, ya kai har Accra da Kumasi. Dubban fatake sun ga jiragen ruwan da ke zirga-zirga a gaɓar teku. Shi yana cikin na farko da suka yi tunanin ɗora goro a kansu zuwa Legas, maimakon a sha wahalar watanni a dawa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma buɗe cinikin gyaɗa, sai ya zamana ya riga ya san yadda kamfanonin Turawa ke sayen kaya ta hannun wakilai, ya san abin da alkawari da lokaci ke nufi a wurinsu. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin mutanen Afirka ta Yamma. Hanyar da kowa ya bi ita ya bi, lura ce ta bambanta shi.

To, me matashi zai gani idan ya leƙa bayan katangar zango?

A ƙasar Asante zai tarar cewa dangin uwa su ne dangin mutum. Ta ɗakin uwa ake gadon sarauta, kuma uwar sarauta ce ke fitar da wanda zai hau karaga. A kasuwar Kejetia ta Kumasi, masu doya da masu tumatir kowanne da sarauniyarsu, ita ke sasanta rigima da tsara yadda kaya za su shigo. Zai kuma ga jana'izar da za ta ba shi mamaki: gawa ta yi makonni a ajiye, dangi su hallara daga nesa, ranar Asabar a fito cikin baƙaƙe da jajayen tufafi a yi gagarumin taro. Bahaushen da ya saba a sallaci mamaci a kai shi makwanci cikin 'yan awoyi zai riƙe baki. Idan ya zauna ya yi hira da Ba'asante, zai gano cewa shi ma riƙe baki yake yi idan ya ga an binne babban mutum kafin 'ya'yansa na nesa su iso. Kowannensu girmama mamaci yake nufi. Ranar da matashi ya fahimci cewa shi ma abin mamaki ne a idon wani, ranar ya fara cin ribar tafiyarsa.

A ƙasar Yarabawa zai ga saurayi mai digiri ya kwanta rub da ciki don gaida mahaifinsa, budurwa ta durƙusa har ƙasa. Zai ga gida ɗaya wa Musulmi, ƙane Kirista, ana kai wa wannan naman layya, ana kawo wa wancan shinkafar Kirsimeti. Zai ga mata riƙe da manyan kasuwanni, shugabarsu tana da faɗa a ji a fadar sarki.

A ƙasar Inyamurai, a Anacha da Aba da Nnewi, zai ga wani tsari da ya cancanci kowane ɗan kasuwar Kwari ko Sabon Gari ya yi nazarinsa. Mai shago kan ɗauko yaro daga ƙauyensu, a yi yarjejeniya a gaban dangi kan adadin shekarun da zai yi masa aiki. Yaron zai ci a gidansa, ya kwana a gidansa, ya koyi inda ake saro kaya da yadda ake riƙe abokin ciniki. Idan wa'adi ya cika, wajibi ne ubangidan ya sallame shi da jarin buɗe nasa shagon, in ya ƙi kuwa sunansa ya ɓaci a garinsu. Hausawa ma suna da yaron shago da ubangida, kuma an sami iyayen gida da yawa da suka tsayar da yaransu da ƙafafunsu. Bambancin shi ne a nan galibi babu wa'adi babu sharaɗi, sai abin da zuciyar maigida ta ba shi, shi ya sa ake ganin mutum ya yi furfura yana yaron shago. Wanda ya ga tsarin Inyamurai da idonsa zai dawo da tambayar da bai taɓa yi ba.

Ta arewa kuma, a Agadas da Abzin, zai ga namiji ne ke rufe fuska da rawani, mace fuskarta a buɗe. A wurin Abzinawan daji tantin da ake zaune a ciki na matar ne, idan aure ya mutu mijin ne zai kwashe nasa ya fita. Su ma Musulmi ne, Malikawa, alƙibla ɗaya ake duba da su.

Ba a ce matashi ya kwaso duk abin da ya gani ba. Wasu abubuwan addininsa bai yarda da su ba, wasu kuma ba za su dace da ƙasarsa ba. Ribar da ake nema ita ce ya iya rarrabe abu uku da suka cakuɗe a kan wanda bai taɓa fita ba: abin da addini ya wajabta, abin da tarbiyya ta gari ta tanada, da abin da sabo ne kawai. Wanda bai taɓa barin unguwarsu ba yakan ɗauka irin yankan rigarsu da irin gaisuwarsu da irin zaman gidansu duk daga sama aka saukar da su. Irin wannan ne ke saurin kafirta mutane ko raina su a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya bayyana cewa an yi mutane al'ummomi da ƙabilu ne domin su san juna, sanin juna kuwa ba ya yiwuwa daga nesa.

Babu inda wannan darasi ya fi fitowa fili kamar aikin Hajji. Alhajin da ya tsaya a sahu a Harami zai ga ɗan Indonesiya a damansa, Baturkiye a hagunsa, ɗan Senegal a gabansa, kowa da mazhabarsa, kowa da irin tufafinsa, liman ɗaya ake bi. Idan ya yi tambaya zai ji cewa mutanen Malesiya tun 1963 suka kafa asusun Tabung Haji, inda talaka ke ajiye kuɗi kaɗan-kaɗan na shekaru, ana juya su ta hanyar halal, har su kai shi Makka ba tare da ya sayar da gonarsa ba. Sai a 2020 hukumar alhazai ta Najeriya ta ƙaddamar da irin wannan adashin gata tare da bankin Jaiz. Alhazai nawa ne suka je suka dawo a tsakanin waɗannan shekaru da darduma da dabino da haƙorin Makka, ba su taɓa tambayar maƙwabcinsu na Mina yadda ya tara kuɗin kujera ba?

Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya je Hajji a 1964 yana ɗauke da aƙidar da ya shekara yana wa'azinta, cewa farar fata mugu ne tun daga halitta. Wariyar da ya tashi a cikinta ce ta koya masa haka. A Makka ya ci abinci a kwano ɗaya da Musulmi farare, ya kwana a shimfiɗa ɗaya da su, bai ga ƙyama a idonsu ba. Ya fito fili ya janye waccan aƙida, alhali ya san abin zai jawo masa baƙin jini a wurin tsofaffin abokan tafiyarsa. Daga can ya biyo ta Najeriya, ya yi jawabi a Jami'ar Badun. Abin da muhawarar shekaru ba ta sauya ba, zaman 'yan kwanaki da mutane ya sauya shi.

Sai dai kada matashi ya zaci buɗe zuciya abu ne mai sauƙi. Ko Ibn Battuta, wanda ya bar Tanja a 1325 ya shafe kusan shekara 30 yana yawon duniya har Indiya da Sin, ya yi tuntuɓe a nan. Da ya ƙetare Sahara ya iso Walata a 1352, aka gayyaci ayarinsu liyafa, aka kawo dakakken gero da zuma da nono a ƙwarya, abin da Bahaushe zai gane ɗan'uwan fura ne. Malamin ya ji an wulaƙanta shi, har ya yi niyyar juyawa gida. Da ya daure ya ƙarasa babban birnin Mali ya zauna watanni, sai ga shi yana yabon abubuwan da bai gani a wurare da yawa ba: amincin hanya, ƙin zalunci, yadda ba a taɓa dukiyar baƙon da ya mutu sai magadansa sun zo, cikar masallaci ranar Juma'a har sai mutum ya aika yaro da darduma tun da wuri, da nacin iyaye a kan haddar Alƙur'ani. Ya soki wasu al'adunsu, amma da ya juya daga Walata saboda ƙwaryar gero, da duk wannan ya wuce shi. Hukuncin ranar farko galibi na ciki ne da gajiya. Mai hankali yakan jinkirta shi.

Zama da mutane da sanin darajarsu ba ya rage wa mutum addini. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasar Ghana, wanda asalinsa Bahaushe ne, ya kai ziyara cocin Katolika na Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, lokacin da yake dab da cika shekara 100, don jaddada zaman lafiya. Da rawaninsa ya shiga, da rawaninsa ya fito, kuma duk ƙasar ta ƙara ganin girmansa. Mutanen zangon Ghana sun daɗe da koyon zama a matsayin 'yan tsiraru masu mutunci. Kokonsu da ƙosansu sun zama karin kumallon Accra baki ɗaya, su kuma sun iya harsunan maƙwabtansu. Ɗan Kano ko Zinder da bai taɓa zama a inda masallaci ɗaya ke tsakiyar coci goma ba yana da abin koyo a wurinsu, musamman game da yadda baƙon da ke zaune a garinsu yake ji.

Wani abin da magabata suka yi wanda matasan yau suka fi su kayan yinsa shi ne rubutawa. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama aka sayar a Barno, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth har Tambutu, sannan suka ƙetare Sahara a 1855 zuwa Turai. Ya ga Ingila da Jamus, ya ba da labarinsu da Hausa, wani mai nazarin harshe J. F. Schön ya rubuta. Turawa sun saba zuwa su kalli Afirka su rubuta, wannan karon ɗan Hausa ne ya kalle su ya faɗi abin da ya gani. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Krachi ta Ghana a 1934, ya bar rubuce-rubucen da har yau masana ke dogara da su wajen sanin rayuwar Hausawa da maƙwabtansu. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi domin wanda bai je ba shi ma ya gani. Malam Aminu Kano ya yi karatu a Landan daga 1946, ya ga ƙasar da talaka ke kayar da gwamnati da ƙuri'a, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa, a 1950 kuma aka kafa jam'iyyar NEPU wadda ya zama jagoranta. Shi ma ya rubuta labarin tafiyarsa a Motsi Ya Fi Zama. Yau kowane matashi yana da waya mai ɗaukar hoto da murya da rubutu. Abin takaici ne a ce duk abin da za ta dawo da shi hotonsa ne a gaban dogon bene.

Kuma ba sai an hau jirgin sama ba. A ƙarshen shekarun 1980 aka kai wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa a Nijar ziyara yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda manoma ke haƙa ƙananan ramuka a fako tun da rani, su zuba taki a ciki, ramin ya tare ruwan sama, gara ta bi takin ta huda ƙasa, gero ya fito a inda ko ciyawa ba ta tsiro. Sun san irin wannan rami, wato tassa, a gida, amma ba su taɓa ganin an inganta ta haka ba. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, har ta kai fakon da a da ba mai kallonsa ya zama abin saye da sayarwa. Haka nan a Maradi da Zinder, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi ya zama bishiya, maimakon sassabe shi, har aka ƙiyasta an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Manomin Katsina ko Jigawa da hamada ke cin gonarsa, tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninsa da wannan ilimi, kuma da Hausa za a yi masa bayani.

Ga masu digiri kuwa, gwamnati da kanta ta buɗe ƙofa. Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin bautar ƙasa na NYSC a 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, domin ɗan wannan yanki ya je ya zauna a wancan. Gaskiya ne rashin tsaro a wasu hanyoyi da jihohi dalili ne na gaske, haka aure da rashin lafiya, kuma babu wanda zai zargi iyaye don sun ji tsoro. Amma da yawa daga masu neman a dawo da su gida tun suna sansanin horo, abin da suke gudu bai wuce baƙon abinci da baƙin fuskoki ba. Shekara guda a makarantar wani ƙauye a Ebonyi ko Ekiti ko Kuros Riba tana koyar da abin da jami'a ba ta koyar ba. Ya kamata a tuna wa irin waɗannan matasa labarin Malam Umaru Altine, ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, wanda ya zauna a Inugu ya shiga harkokin mutanen garin, har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Da a zango ya tsaya, ko sunansa ba za su sani ba.

Dole a nan a ja kunne, domin ba kowace fita ce tafiya ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A 2017 duniya ta ga hotunan yadda ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya. Akwai 'yan mata da dillalai ke ruɗa da alkawarin aikatau a ƙasashen Larabawa, su isa a karɓe fasfonsu, su rasa mai jin kukansu. Wanda ya shiga ƙasa ta ɓarauniyar hanya ɓuya zai yi ta yi, mai ɓuya kuwa ba ya ganin gari balle ya koyi wani abu. Fataken da ba sa tashi sai da madugu, da guzuri, da sanin inda za su sauka. Madugun yau shi ne fasfo na gaskiya, da biza, da katin rigakafi, da takardar makaranta ko ta aiki da aka tabbatar, da sanin dokar ƙasar da za a je. A Saudiyya safarar miyagun ƙwayoyi na kai mutum ga hukuncin kisa, don haka karɓar saƙon jakar da ba a san cikinta ba ganganci ne, ko daga hannun wa ta fito.

Dawowa ma tana da nata jarrabawar. Akwai wanda zai yi wata shida a Dubai ko Landan ya dawo yana yatsina, tuwon mahaifiyarsa ya zama abin ƙyama, kowace magana sai ya ce a can ba haka ake yi ba. Wannan bai koyi komai ba, raini kawai ya sauya wa wuri. Mutanen da tafiya ta amfana sukan dawo da ƙarin sanin darajar gida: gaisuwar da ake tsayawa a yi ta a tsanake, maƙwabcin da ke shigowa ba sai an gayyace shi ba, tsohon da ke tsufa a tsakiyar jikokinsa. Sukan kuma dawo da abu ɗaya ko biyu da za a iya aikatawa. Wanda ya je Kigali ya ga birnin da aka hana leda tun 2008, ya ga jama'a na fitowa aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, ba ya buƙatar dogon jawabi. Gayya al'adar Hausawa ce tun fil azal. Ya tara samarin layinsu su yashe kwata kafin damina.

Abubuwan da ake so matashi ya riƙe ba su da yawa. Ya sauka a zango, ya gaida manya, ya nemi shawararsu, domin sun riga shi sanin wurin. Daga nan ya fita. Ya koyi gaisuwa da godiya da ƙirga kuɗi a harshen masu gari tun makon farko. Idan an gayyace shi suna ko biki ko ta'aziyya ya je, abin da addininsa ya hana ya ƙi shi cikin ladabi ba tare da ɓata fuska ba. Ya lura da yadda suke renon yara, da yadda suke tara jari, da yadda suke sasanta faɗa, da yadda suke riƙon tsofaffi, abin da bai gane ba ya tambayi dalilinsa kafin ya yanke hukunci. Ya sani cewa a wurin mutane da yawa shi ne Bahaushe na farko da suka taɓa zama da shi, da halinsa za su auna miliyoyin mutanen da ba su gani ba. Wannan nasiha ta haɗa da 'yan mata masu zuwa karatu Sudan da Masar da Indiya da Malesiya, da masu saro kaya, domin sau da yawa mace ce ake shigarwa har cikin ɗaki da madafa, inda ainihin rayuwar mutane take.

Kira ga matasan da ke shirin fita bana, karatu ne, kasuwanci ne, ci-rani ne ko bautar ƙasa, shi ne kowa ya ƙudurta cewa ba zai dawo ba sai ya yi aboki ɗaya na gaskiya cikin masu gari, ya kuma koyo abu ɗaya mai amfani da zai gwada a unguwarsu. Iyaye da malamai kuma, idan yaro ya dawo, bayan an tambaye shi tsaraba a zaunar da shi a tambaye shi yadda mutanen can suke rayuwa, a bar ƙannensa su saurara. Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya.